Jijiyar 'Yar Kaɗi

An sha gaya muku cewa kakanku Malam Haladu ya ajiye limancin unguwarmu a Bebeji ne saboda baƙin cikin boko, kuma wai shi ya hana ni tafiya ƙarin karatu. Ran sunan da aka yi a gidan nan na ji ɗayanku yana maimaita wa ɗansa labarin, har da ƙarin gishiri, wai Baba ya zuba mini littattafai a rijiya. Baba bai taɓa zuba komai a rijiya ba. Mutum ne da in tsinke ya faɗa cikin butarsa sai ya zubar ya sake ɗiba. Abin da ya faru ya fi wannan ƙanƙanta, don sai da madubi ake ganinsa, ya kuma fi shi wuyar bayani, shi ya sa dangi suka bar shi suka ɗauki mai sauƙin. Waɗanda suka gani da ido duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, don haka bari in rubuta.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai ina koyarwa a elementaren Kiru. Ni ne auta, shi ya sa da aka nemi ɗa daga gidanmu don makarantar boko aka miƙa ni. Yayyena suka yi zaure, ni na yi aji, Larabcina bai wuce na salla ba. A lokacin ban iya zama wuri guda ba. In aka tashi daga makaranta sai in hau keke in yi ta zaga gari ba da niyyar zuwa ko'ina ba, ina ji a jikina cewa duniya tana can wani wuri ana yin ta ba da ni ba. Baturen makarantu da ke zuwa rangadi ya lura da haka, ko kuma tambayoyina suka ishe shi, ya ba ni aron wani tsohon madubin likita na tagulla cikin akwatin katako, da wani littafi kan ƙananan halittun kududdufi wanda gara ta riga ni karanta babinsa na farko. Ya ce in na ƙware da shi kafin damina ta ƙare, zai sa ni cikin waɗanda za a kai kudu koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje, mota za ta kwashe su daga Kano da kaka. Da aka ba da hutu na ɗaure akwatin a bayan keke na taho gida, ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Babu abin da ya tsira daga madubin nan a gidanmu. Na duba fiffiken ƙuda, na duba garin kuka, na duba gashin gemun bunsurun Inna. Ran nan na hau soro na kankaro busasshiyar ƙasar da ke manne a bakin indararo, don littafin ya ce a gwada. Na ɗiga mata ruwa a kan gilashi, na juya ɗan madubin da ke ƙasansa ya kamo hasken hantsi. Da farko tsakuwa kawai nake gani. Can sai wata 'yar ƙwaya mai jaja-jaja ta kumbura, ta miƙe, ta fito da ƙafa ta kama gilashi, ta yi taku irin na matsattsaku, sannan ta buɗe kai. A kan nan nata akwai wasu abubuwa biyu masu juyawa kamar ƙafafun keke, alhali ba juyawa suke ba, 'yan gashi ne ƙanana ke kaɗawa bi da bi suna janyo mata abinci. Turawa suna ce mata rotifa. Jikinta garau yake, kana hango abin da ke ciki. Na sauko daga soro da madubin ina kiran mutanen gida kamar an yi haihuwa.

Inna ce ta fara leƙawa, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu.

“Auta, wannan ai kaɗi take yi. Ga mazarinta nan har biyu. Ina mijinta?”

“Littafi ya ce irin wannan duk mata ne, Inna. Ba a taɓa ganin namijinsu ba.”

“Shi ya sa aiki ke ci,” in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Daga ranar sunanta ya zama 'yar kaɗi, kuma da shi nake kiranta har yau.

Sai ku san wani abu game da Baba da indararon nan. Bai yarda da ruwan rijiya ba sai dole, don guga yana taɓa ƙasa, yara suna wasa a baki. Ruwan da ya amince da shi na sama ne. In damina ta faɗi yakan bar ruwan farko ya wanke soro, sannan ya kafa randa ƙarƙashin indararo, ya rufe ta da faifai, babu mai sa moɗa a ciki sai shi. Da wannan ruwa ya yi alwalar sallolin da ya ja wa unguwa tun kafin a haife ni. Da ya dawo daga masallaci aka ce ya zo ya ga abin mamaki, ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo. Na ƙwanƙwasa gefen gilashin da farce don in burge shi, 'yar kaɗi ta janye kai ta dunƙule, can ta sake buɗewa.

“Ta ji,” in ji Baba, bai ɗago ba. “Da me ta ji? Tana da jijiya ne?”

Tambayar da nake jira ke nan, don babin na haddace shi.

“Har da ƙwaƙwalwa, Baba. Ga ta nan a bayan wuya, 'yar mitsitsiya. Daga nan jijiyoyi suka taso, wasu suka yi kai, wasu suka bi gefe da gefe har ƙafa.”

“A ina ka same ta?”

Na nuna masa indararo. Ya dubi indararo, ya dubi randa, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya shiga ɗaki. Ni kuwa na ɗauka ilimi ne ya cika shi.

La'asar ta ranar bai fita ba, ya aika wa na'ibinsa Malam Garba ya ja salla. Da magariba Inna ta leƙa ta same shi yana taimama da ƙasar bango, ga buta cike a gefensa. Sai washegari ya kira ni ya shimfiɗa mini lissafinsa, kuma in gaya muku gaskiya, lissafi ne mai tsari, ya fi na wasu da na gani da digiri. Abin da ba shi da jini mai gudana, kamar ƙuda ko fara, in ya mutu mushensa ba najasa ba ne. Mai jini mai gudana kuwa mushensa najasa ne. Jijiya hanyar jini ce. Ɗansa mai ilimi ya shaida cewa abin nan yana da jijiya daga kai har ƙafa, shi kuma da idonsa ya ga ja a jikinta, ya ga wani abu yana bugawa a ƙirjinta. Abin da ke rayuwa a randa yana mutuwa a randa. Ke nan shekara da shekaru da ruwan mushe yake alwala, kuma ba sallarsa kaɗai ba ce a wuyansa.

“Baba, ai dabbar ruwa ce. Kifi ma ba a yanka shi.”

“Kai da bakinka ka ce daga busasshiyar ƙasa ta tashi. Ka taɓa ganin kifi ya yi rani a kan soro?”

“Gaiwa fa, Malam?” Inna ce daga tsakar gida. “Ai tana rani cikin ƙasa.”

“Cikin ƙasar rafi. In kin ga gaiwa a indararo ki kira ni.”

Na ce masa abin da ke bugawa haƙoranta ne, niƙa take yi, ba zuciya ba ce. Na ce Turawa suna da suna dabam ga jijiyar jini, suna dabam ga jijiyar ji, na faɗi sunayen, na ma rubuta su da tsinke a ƙasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce bai taɓa jin an ɗauko hukuncin tsarki daga Turanci ba. Ya sa na duba ruwan rijiyar gida, da ta masallaci, da na kududdufin bayan gari. Ban iya ƙarya da madubi ba, don shi ma yana da ido. Wani wurin da yawa, wani wurin sai an nema, amma 'yar kaɗi ta riga mu zuwa ko'ina. Inna ta ce a riƙa tafasa masa. Ya ce shi bai ce a dafa masa mushe ba. Ya bar fura, ya bar kunu, ya koma nono da rake. Inna ta san daga wane rafi 'yan tallan nono ke ƙara wa ƙwaryarsu albarka, amma ta ja bakinta, ni ma na ja nawa.

Sai na shiga yawon neman shaida. Na je wurin wanzami na ce ya gaya mini mece ce jijiya, ya kama hannuna ya nuna mini koriyar nan da ke kwance a bayansa, ya ce ga ta nan, in ina so ya tsaga in gani. Mahauci ya ɗago mini farin abin nan mai tauri da ke maƙale wa mutum a haƙori, ya ce wannan ce, kuma ba ya rage kuɗin nama saboda ita. Maɗori ya ce ita ce ke harɗewa in an yi targaɗe. Wani mai magani a kasuwa ya zaro saiwar itace daga buhu ya ce jijiyar sanya ce, in jiƙa in sha. Na dawo gida da jijiya huɗu, babu tawa a ciki. Ni da nake koya wa yara cewa Hausa ba ta rasa sunan komai ba, ranar na gane akwai inda ta yi rowa, ta ba 'ya'ya da yawa riga guda.

Da baki ya gaza sai na koma gwaji. Littafin ya ce masu nazarin 'yar kaɗi sukan ɗiga mata wani magani ta lafa, don ba ta tsayawa a ƙare mata kallo. Ba ni da maganin, amma tsohuwar maƙwabciyarmu tana da garin taba. Na jiƙa kaɗan, na roƙi Baba ya zo ya duba. Niyyata in nuna masa cewa jijiyar nan ta ji ce da motsi, abin da ke bugar da mutum yana bugar da ita. Ya sa ido, na ɗiga ruwan tabar a gefen gilashi. Mazaran suka rikice, ta lanƙwashe, ta miƙe, ta sake lanƙwashewa, ta dunƙule ta yi shiru. Na tsaya ina jiran yabo.

“Ta bugu,” in ji Baba.

“Ka gani ko? Jijiyar ji ce taba ta kama.”

“Isyaku, in mutum ya sa taba a baki, ta ina take bi ta hau masa kai?”

Amsar tana cikin littafin kiwon lafiyar da nake koyarwa, kuma bayansa take goya.

“Ta jini,” ya amsa wa kansa, ya tashi.

Amsar da na rasa ranar ban same ta ba sai da na yi furfura, da 'yar'uwarku Hajara ta gama karatun haɗa magunguna ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ashe jijiyar ji ba zare guda ba ce miƙaƙƙe. Guntaye ne, tsakanin wannan da na gaba akwai 'yar rata, kamar rafi tsakanin ƙauye biyu. In saƙo ya iso gaɓa, sai jijiya ta saki wani ɗan sinadari, shi ne ɗan aiken da ke hayewa ya yi sallama a ƙofar ta gaba. Abin da ke cikin taba ya yi kama da ɗaya daga cikin 'yan aiken nan, har masu gida su buɗe masa ƙofa su ɗauka nasu ne. A jikin mutum jini jaki ne kawai da ke kai tabar inda jijiya take. Ita 'yar kaɗi ba ta bukatar jaki, ruwan da take ciki shi ke kai mata har ɗaka. Hajara ta ce 'yan aiken da aka samu a jikinta irin namu ne, ta lissafo su, asetilkolin, serotonin, dofamin, sunaye kamar na Kwarori masu kanti. Na ce mata ta makara da shekaru masu yawa. Ta ce ai lokacin ba a haife ta ba. Na ce wannan ba hujja ba ce.

Hutu ya ƙare, na koma Kiru, amma hankalina bai bi ni ba. Ina tsaye gaban allo ina koyar da jadawalin sau, ina tunanin leɓen Baba da ya fara tsagewa. Duk Alhamis in an tashi sai in hau keke in taho Bebeji, in same shi ya ƙara ramewa, goshinsa da gemunsa fari fat da ƙurar taimama, yana rama sallolin da shi kansa bai san adadinsu ba. Mutanen unguwa suka fara magana. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce an yi masa jifa don a karɓe limanci, har aka fara kallon Malam Garba a kaikaice, bawan Allah da kullum sai ya zo zaure ya durƙusa ya roƙi Baba ya fito. Wani mako ban tsaya gida ba na wuce Tudun Wada, wurin Malam Yusha'u, wanda suka yi karatu tare da Baba, kuma shi kaɗai ne na san Baba yana jin nauyin iliminsa. Na same shi a rumfarsa ranar kasuwa. Bai ma bari na kai ga maganar jijiya ba, da ya ji ƙwari ne a ruwa sai ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

“Je ka gaya wa Haladu, ruwan da launinsa bai sake ba, ƙanshinsa bai sake ba, ɗanɗanonsa bai sake ba, mai tsarki ne ko me ya mutu a ciki. Shi ya bita mini babin nan muna samari. Waswasi ne ke damunsa, tun da can haka yake, sai ya wanke hannu fata ta yi fari.”

Na yi ta murza keke a taɓo ina maimaita saƙon kada in zubar da ko kalma. Baba ya saurara, ya tambayi lafiyar abokinsa da ta iyalinsa, sannan ya ce:

“Launi bai sake ba a idon wa? Yusha'u bai leƙa ba. Ni na leƙa, na ga ja.”

Ruwa ya fara ja da baya, gero ya yi kai. Hedimasta ya kira ni ya ce Bature ya aiko, in kai madubi Kano cikin makon nan, in zo da akwatin kayana, mota ba ta jiran kowa. Na taho gida in yi sallama. Ban kai ga buɗe baki ba Baba ya ce ya tuna da wani ruwa a duwatsun Doguwa, kusa da inda ƙanensa ke noma, yana fitowa daga cikin dutse, bai taɓa kwana a randa ko a rami ba. Ya ce in raka shi da madubina. In ruwan nan ba shi da komai, can zai zauna ya ƙarasa kwanakinsa da alwala. In yana da shi, to, ya san ƙasa ce rabonsa. Bai san da maganar mota ba. Inna ta sani, ta ja ni bayan rumbu.

“Ka tafi abinka, Auta. Yayanka ya raka shi.”

“Yaya bai iya madubi ba.”

“Sai ka koya masa ya leƙa ya ce babu. Wannan ai ba ta bukatar boko.”

“Zai ce a ba shi ya duba da kansa, Inna. Kin san shi.”

“Na san shi tun ba ka zo ba,” ta ce. “Jiya da ya tashi daga sujada sai da ya dafa bango.”

Kada ku ɗauka na tafi da farar zuciya. Na tafi ina huci. Muka sami motar masu haƙar kuza ta rage mana hanya, muna zaune kan buhuna, na rungume akwatin madubi, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar waccan motar ta Kano ce ke ƙara nisa. Inda mota ta tsaya muka nemi jaki, Baba a kai, ni a ƙasa, cikin ciyawar da ta fi ni tsawo. Ban yi masa magana ba sai in ya tambaya. Shi ma ba ya tambayar komai sai ko akwatin bai jiƙe ba.

Muka isa maɓuɓɓugar da hantsi. Ruwa ne siriri, mai sanyi, yana fitowa daga tsagar dutse ya taru a wani ɗan kwarmi ya gangara. Na kafa madubi kan wani fa, falalen dutse, na tari ɗigo daga bakin tsagar. Na duba sama da ƙasa, babu komai. Baba ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya duba, ya sa na sake tarowa, ya sake dubawa. Na ga hannunsa ya fara neman buta. Sai idonsa ya sauka kan gansakukar da ta lulluɓe leɓen kwarmin, inda dole ruwa ya bi kafin ya shiga buta.

“Matso mini na wurin can.”

Na san abin da ke cikin gansakuka, babi guda ne a littafin. Na matso, na ɗora, na ja da baya. Ba sai na leƙa ba. Baba ya sa ido, ya daɗe ƙwarai, har inuwar dutsen ta janye daga kanmu. Ina tsaye ina kallon ƙeyarsa, yadda ta zama rami biyu, ina lissafin abin da na bari da abin da na samu. Daga ƙarshe ya ɗago, ya ce mu tafi, rana ta yi, ya nemi ƙasa mai kyau ta taimama. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi, ya koma zaune.

“Ƙafata ta mutu. Kama ni.”

Na durƙusa ina murza masa ita. Ya ce kamar tururuwa ke yawo a ciki. Ban yi niyyar koyarwa ba, gajiya ce ta yi magana.

“Ita ce wannan, Baba. Ita nake ta faɗa tun farkon damina. Ka zauna a kanta ka danne ta, saƙo ya kasa wucewa. Babu jini a cikinta, ko an tsaga fara ce kamar zare.”

“Wannan ai asabu ne.”

“Mene ne asabu?”

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

“Ba ka san asabu ba? Irƙu shi ne magudanar jini, wanda ake yankewa a wuyan rago. Asabu shi ne wannan da ya kashe mini ƙafa. A zaure duk jijiya muke fassara su.” Ya tsaya. Ya juya ya dubi madubin. “Ita wanne gare ta?”

“Asabu.”

“Irƙu fa?”

“Ko ɗaya. Ba ta da zuciyar da za ta tura jini, ba ta da hanyar da zai bi.”

“Jan fa?”

“Launinta ne. Fara ma akwai ja.”

“Fara,” ya ce a hankali. “In ka kai mata hannu tana tashi.”

“Da asabu take tashi.”

Bakinsa ya yi ta motsi, yana bin wani layi na Larabci da ban sani ba, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Shi yana da kalma biyu a littattafansa, ni ina da biyu a nawa, kowa ya bar nasa a ɗaki muka fito tsakar gida muka yi damina guda muna kokawa a kan ɗaya.

“Me ya hana ka faɗa tun farko?”

“Na faɗa, Baba. Da Turanci.”

“Turanci,” ya ce, kamar mai tofar da ƙwallon magarya. Can ya ƙara: “Tabar fa? Ta ina ta bi?”

“Ban sani ba.”

“Wannan na yarda da ita. Ban taɓa jin ta a bakinka ba.”

Ya miƙo hannu na ba shi buta. Ya cika ta daga kwarmin, ta kan gansakukar, ya kafa kai ya sha har ruwa na bin gemunsa yana wanke ƙurar, ya sake cikawa. Ya yi alwala, kowace gaɓa sau uku, bai ƙara ba. Ya ce in yi tawa in ta da iƙama. Azahar ɗin nan a kan fa, ni kaɗai a damansa, ita ce salla ta ƙarshe da ya ja. Da muka koma Bebeji Malam Garba ya ja da baya a masallaci, Baba ya dafa kafaɗarsa ya tura shi gaba, ya ce wanda ya riƙe wa mutane salla damina guda ana zarginsa bai cancanci a karɓe ba da kaka. A sahun farko ya ƙare rayuwarsa. Ni kuma na kai madubi Kano na tarar mota ta daɗe da tafiya, Baturen da ya san ni an yi masa canji, wanda ya gaje shi ya karɓi akwatin ya duba ko ban fasa komai ba. Na koma aji, a aji na yi ritaya. Wasu daga cikin waɗanda motar ta ɗauka kun san gidajensu a Kano, kuna wucewa ta gabansu. Ba zan ce ban taɓa tsayawa na kalla ba. Baba dai har ya koma ga Mahaliccinsa bai ji labarin motar nan ba, don ni da Inna mun san abin da mai lissafi irin nasa zai yi da shi.

Amma a can bakin dutsen ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba tukuna. Mun sallame, ina haɗa kaya, na zaro gilashin daga madubi na kama gefen rigata zan goge. Baba ya riƙe mini hannu.

“Tana ciki?”

“Tana ciki.”

“Ka ce tana ji. Mayar da ita inda ka ɗebo ta.”

Na durƙusa na tsoma gilashin cikin kwarmin. Ya tsaya a kaina yana kallo, sai da ya ga na ɗauraye gaba da baya, sannan ya je ya kwance jaki.